Usta Haruna ya tafi ya bar min jar motar

Kai mai karatu, tun kafin ka yi nisa: idan ka shigo nan ne don ka liƙa hoton jar motar nan a ƙarƙashin rubutuna, ka rubuta "masha Allah, aikin Usta", to ka juya. Zan goge. Yawancinku na san iyayenku mata, kuma ina da lambar wayar gidajenku.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsaye a kicin ina jiran shayi ya tafasa, wayar gida ta yi ƙara. Zahra'u ce, matar Usta Haruna bakanike, mai warsha, wato garejin gyaran mota, a unguwar Azizya. Ko sallama ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Ummu Bashir, Usta ya rasu."

Ya dawo daga sallar asuba, ya zauna a bakin ƙofa yana cire takalmi, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Kafin ta kawo ruwa an gama.

Za a yi masa sallah a Harami, babban masallacin nan na Madina, bayan la'asar.

Mutum uku sun kira ni tun safe, kuma tambayarsu ɗaya ce: motar ce? Ba motar ba ce. Motar tana nan ƙofar gidana a Harra ta Gabas, a lulluɓe da tamfol. Ba ta taɓa kashe kowa ba, don ban taɓa barin ta ta taka kwalta ba.

Ba zan yi muku ƙarya don mutum ya mutu ba. Shekara shida ina jin haushin bawan Allahn nan. Da yawanku kun sani, don ban ɓoye ba. Waɗanda ba su san dalili ba, ga shi.

Mijina, Abu Bashir, Allah ya jiƙansa, yana da wata farar mota mai ƙofa huɗu. Ba ta da kyau, ba ta da ƙara, amma ba ta taɓa barin mu a hanya ba. Tun yana da rai ya sa sunana a istimara, takardar motar. Ya ce min, "Mace ba ta tuƙi a ƙasar nan, amma tana mallaka. Ko bayan raina, wanda zai ja motar nan ya san ke yake ja wa."

Da ya rasu na shiga takaba. Takardu suka yi ta zuwa: na fansho, na wuta, na gida. Ni ba fita nake ba. Ɗana Bashir, wanda shi kaɗai ne namiji a gidan, ya ce in ba shi wakala ya riƙa tsaya min. Sau ɗaya aka kai ni ofishin da ake rubuta wakala, da shaidu biyu. Aka karanta takardar da Larabci mai gudu, na sa hannu.

Ni da na yi sakandare a Kano kafin a kawo ni garin nan. Ni da nake gyara wa mutane rubutu. Ban ce a maimaita min ba.

Ashe wakalar ta haɗa har da saye da sayarwa.

Ranar da na fita takaba na yi wanka, na sa sabuwar abaya, na ce wa Bashir ya tayar da mota ya kai ni Harami in yi gaisuwa. Wata huɗu da kwana goma abin da nake ƙirgawa ke nan. Ya tsaya yana sosa ƙeya. Na wuce shi na buɗe ƙofa.

Babu farar mota.

A gurbinta ga wata aba doguwa, mai dogon hanci, kwance a ƙasa kamar an taka ta. Ƙofa biyu gare ta, kuma kowace da launinta. Gilashin baya babu, an toshe da kwali. Gefe ɗaya a kan bulo take. Tsatsa ta ci ta har kana hango ƙasa ta wurin da ake sa ƙafa. Wata kyanwa ta leƙo ta taga ta dube ni.

Na ce, "Ina motar babanka?"

Ya amsa min da Larabci, kamar yadda yaranmu na nan suke yi. Wai in saurare shi kawai. Wai 'yar Amurka ce, silinda takwas, irinta ba ta fi a ƙirga ba a Madina.

"Ko silinda tamanin ce. Tana tashi?"

"Za ta tashi, ya ummi."

"Yaushe?"

"Usta Haruna ya ce injin lafiya lau."

Ranar na fara jin sunan.

A haraj suka yi musayar, kasuwar tsofaffin motoci. Bashir ya ba da motar da ke tafiya, ya karɓo wadda janwe ya jawo. Kuma da yake da wakalata ya yi, wannan gawar ma da sunana aka rubuta ta.

Washegari na ɗauki 'yata Nafisa muka hau tasi. Farko na je na soke wakalar. Daga nan sai Azizya.

Na sami Usta a ƙarƙashin wata mota, ƙafafu kawai ake gani. Na ce a fito min da shi. Ya fito, dogo siriri, Bahaushen Sudan, gemu duk furfura, jallabiya ta sha baƙin mai. A gaban masu kawo masa gyara na wanke shi tas. Na ce ya ji kunya, tsoho da shi ya ja maraya kasuwa ya raba gwauruwa da ƙafafunta. Na ce ni yanzu wa zai kai ni asibiti, wa zai kai ni masallaci, ko silinda takwas ɗin zan hau?

Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ya Hajja, wallahi ban san taki ce ya ba da ba. Ce min ya yi gadonsa ce."

Na ce, "Ka tambaya?"

Ya goge hannu da tsumma. Can ya ce, "Ban tambaya ba. Na ga motar hankalina ya tafi. Tun ina saurayi nake son in sa hannu a cikin irinta."

Kun ji fa. Ba yaro ba ne kaɗai ya haukace. Su biyu ne.

Na ce su dawo min da tawa. Usta ya je ya nema, wannan kam ya yi. An riga an sayar wa wani ya wuce da ita Tabuka.

A nan bakin warshar na rantse da Allah, da ƙarfi, kowa ya ji. Na ce ba zan taɓa zama a cikin motar nan ba, kuma ba zan sa hannu a tafwid ba, takardar da mai mota ke bayarwa kafin wani ya tuƙa ta. Su gyara in sun ga dama. Su yi mata fenti da zinariya. Ba inda za ta.

Za ku ce me ya hana in sayar. Masu tashlih ne kaɗai suka taya, masu farfasa mota su sayar da ƙarfe, kuma abin da za su bayar ba zai kawo wata motar ba. Amma gaskiyar ita ce so nake Bashir ya riƙa ganin ta kowace safiya in ya fito.

Ban san shi abin da yake so ke nan ba.

Talatar da ta biyo baya ina da ganin likita a mustausaf, ƙaramin asibiti, saboda suga da gwiwa. Ina cikin tunanin tasi na ji hon a ƙofa. Nafisa ta leƙa ta ce wata mata ce. Na fito na ga tsohuwar wanet, irin a-kori-kura ɗin nan, Usta a sitiyari yana kallon gabansa, matarsa ta sauko.

"Ni ce Zahra'u. Usta ya ce yau kina da asibiti."

Na so in mayar da su. Gwiwata ce ta hana.

Haka muka riƙa zama: shi a sitiyari, Zahra'u a tsakiya, ni a jikin ƙofa. Duk Talatar da nake da likita. Shekara shida. Ko sau ɗaya bai zo shi kaɗai ba, ko sau ɗaya bai makara ba.

Ko sau ɗaya ban ce na gode ba.

Shi ya raba ni da motata, shi ya kamata ya ɗauke ni. Haka na ɗauka a lokacin, kuma ko yau ban ce na yi kuskure ba.

Zuwansa na biyu ya kawo ɗan akwatin katako da ya haɗa, don ya ga yadda nake fama da hawa. Ya ajiye a ƙasa ya juya baya har na shiga.

Yana da kaset ɗin waƙoƙin ƙasarsu. Ranar farko na ce wannan kiɗan fa? Bai sake kunna shi ba in ina ciki.

In ya sauke mu yakan zaga ya nemi inuwa, don kada kujera ta yi zafi kafin mu fito.

A azumi yakan kai mu Harami ya sauke mu ta ɓangaren mata, shi ya tafi neman inda zai ajiye wanet, ya dawo a ƙafa cikin wannan rana.

Duk wannan gaskiya ne. Ga wata gaskiyar kuma.

Kowace Alhamis da Juma'a bayan la'asar yana ƙofar gidana, shi da Bashir, kai a cikin hancin motar nan. Baƙin mai ya ɓata min dakali har yau bai fita ba. Tukunyata ta dafa taliya na nema na rasa, na same ta cike da fetur da kusoshi. Albashin yaron nan a tashlih ya ƙare. Sun je Jidda neman gilashi, sun je Riyad neman wani ƙarfe da bai kai tafin hannuna ba. Sa'anninsa sun yi aure, wasu da 'ya'ya biyu. In na kawo maganar sai ya ce bari a gama motar.

Na taɓa ce wa Usta, ta bayan labule, "Kai kana da mata da 'ya'ya. Shi ka aura masa ƙarfe."

Ya ce, "Ya Hajja, ƙarfen nan ai ba ya yawo da shi. Kullum kin san inda yake."

Na ce kada ya yi min wayo.

Ranar da injin ya fara tashi, a shekara ta huɗu, ba zan manta ba. Tagogin gidana suka yi rawa. Tattabarun layin nan gaba ɗaya suka tashi. Tsohuwar maƙwabciyata ta fito ba mayafi, ta zaci tukunyar gas ce ta fashe. Na leƙa ta taga, sai ga dattijo mai furfura yana tsalle yana tafi kamar an yi masa haihuwa, Bashir ya rungume shi, su biyun baƙi ƙirin da mai. Da magariba limamin masallacinmu ya aiko a gaya wa mai motar a rage. Mai motar ni ce. Ni aka aiko wa.

Na san abin da wasunku za su rubuto, don haka bari in riga ku.

E, a ƙarƙashin motar nan Bashir ya fara Hausa. Ni shekara ashirin ina yi masa yana mayar min da Larabci. Usta kuwa in ya ce a miƙo sifana aka amsa masa da Larabci, sai ya yi kamar bai ji ba, ya bar hannunsa a miƙe. Yanzu yaron yana Hausa. Ta Sudan yake yi, ba tawa ba, har da jan harshen.

E, in aka kira sallah Usta yakan ajiye ko mene ne a hannunsa, ya tasa shi gaba zuwa masallaci.

E, lokacin da samarin unguwa suke fita bayan gari suna juya motoci a kan titi suna ƙona taya, nawa yana kwance a kan kwali a ƙofar gida. Na san gidajen da aka yi zaman makoki saboda wannan wasan. Na je na yi musu ta'aziyya.

Na sani. Ba sai wani ya gaya min ba. Amma ba wanda ya tambaye ni kafin a ɗauki motata, kuma wannan bai canza ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da Usta Talatar da ta wuce ce. Mun dawo daga mustausaf, ya tsaya a ƙofa, bai kashe wanet ba. Motar tana gabanmu, an gama fentinta, ja wur, tana ƙyalli har ta ƙarƙashin tamfol. Bai saba yi min magana kai tsaye ba, ta Zahra'u yake bi. Ranar ya yi.

"Ya Hajja, an gama. Birki sabo, taya sababbi. Sa hannunki ya rage."

Na ce ya ji rantsuwata.

"Na ji. Amma kujerar gaba na ɗaga ta. Ba haka ta zo ba, ƙasa take sosai. Na auna da tsayin ta wanet ɗin nan, saboda gwiwarki. Bashir ya yi ta faɗa wai na ɓata mata asali."

Na ce, "Ko gawata ba za ta shiga motar nan ba."

Ya yi dariya har da buga sitiyari. "Gawa kam ba ta shiga, ya Hajja. Ƙofa biyu ce. Sai mai rai."

Zahra'u ta ce, "Usta, wace irin magana ce wannan!" Ni kuwa na sauka na shige gida. Ban yi masa sallama ba. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ɗazu, bayan wayar, Bashir ya shigo ɗakina idanu jajir. Ya durƙusa a gabana. Da Hausa ya yi magana, kuma na lura.

"Ummi, ki ba ni makullin. Yau kawai. Abokai sun ce mu bi shi da ita zuwa Harami."

"Ba takarda, ba gwaji, ku hau titi kuna wannan ƙarar a bayan gawa? Jana'iza ce ko biki?"

"Ya mutu bai ga ta yi tafiya ba."

"Na sani."

"Ke kika hana."

"Ni na hana. Wa ya ɗauki motar uwarsa tana takaba?"

Ya sunkuyar da kai. Shekara shida, yau ne ya ce, "Ni ne. Ki yafe min." Na ce ya tashi ya je ya taya su wankan gawa, ya daina yi min kuka a kan kafet.

Da ya fita na ɗauki makullin. Na fita ƙofar gida, na ɗage tamfol ta gefe ɗaya, na buɗe ƙofar. Ban taɓa buɗe ta ba sai yau.

Lallai Usta ya ɗaga kujerar. Ya kuma ɗaura wani mariƙi a sama, an naɗe shi da fata, daidai inda hannuna ke kaiwa in zan hau wanet.

Ban zauna ba. Na rufe na dawo ciki.

Jibi Talata. Ina da likita. Ba wanda zai yi hon a ƙofar nan.

Na sake kiran Zahra'u. Cikin kuka ta ce, "Ummu Bashir, ki yafe masa. Kullum yana cewa haƙƙinki na wuyansa." Na ce na yafe, duniya da lahira, kuma Allah ya ji. Na ce mata ita kuma duk takardar da aka kawo mata a cikin kwanakin nan, ko ɗan cikinta ne ya kawo, ta ajiye sai na zo na karanta mata.

Shi na yafe wa. Ban ce motar ta yi kyau ba, ban ce abin da suka yi daidai ne ba. Ku samarin da ke zagaye ta kuna shafa ta kamar amarya, ku ji da kyau: duk wanda yake sha'awar tsohon ƙarfe ya saya da guminsa, ya tabbatar uwarsa tana da abin hawa tukuna.

Na sa Nafisa ta ɗora shinkafa da nama na mutum goma. Kaffarar rantsuwata ce. Za a raba kafin la'asar.

Allah ya jiƙan Usta Haruna. Allah ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai tambaya ba. Allah ya sanyaya masa kabari kamar yadda ya riƙa nema min inuwa. Allah ya ba Zahra'u da yaransu haƙuri. Wanda yake kusa ya je Harami a yi sallar da shi. Wanda yake nesa ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, ya kira sunansa. Ku yi min tawa ni ma, don ban gode masa ba yana da rai, kuma yanzu ba hanya.

Bashir ya dawo ɗaukar farar riga, na tsayar da shi a tsakar gida na gaya masa dokar, Nafisa tana shaida.

Yau motar ba ta bin gawa. A ƙafa da tasi za a je, kamar kowa.

Gobe janwe zai kai ta gwaji. In ta wuce, zan sa hannu a tafwid.

Makulli yana wurina. Motar nan ba ta barin layin nan sai da ni a kujerar gaba. Ba aboki, ba zagaye, ba "bari in ɗan gwada ta". Inda za ni, nan za ta. Idona yana kan allurar gudu, kuma ranar da ya wuce inda na ce, ranar zan soke takardar.

Ya ce, "Ummi, dariya za a yi min. Mota irin wannan, da tsohuwa a gaba da jakar magani?"

Na ce su yi. Talata, ƙarfe bakwai da rabi.